DAX ko OCL? Kama DAX kawai

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne za ka kama tsakanin DAX, yaren lissafi na Power BI (manhajar Microsoft ta nuna rahoto a allo), da OCL, yaren rubuta ƙa'idoji a kan zanen tsarin manhaja. In dai auna lafiyar tsarin manhajojin ma'aikatarku ne, kama DAX.

Da shi nake aiki kullum. Taswirar tsarinmu a Archi muke zana ta, manhaja ce ta kyauta ta zana tsarin ofis da salon zane na ArchiMate, kuma tana fitar da komai a fayilolin tebur uku na CSV: abubuwan da ke zanen, alaƙarsu, da bayanan kowanne. Sai in loda su a Power BI. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows Server 2012 a Oktoban 2023, oga ya ce manhajoji nawa ne har yanzu ke zaune a kan irin waɗannan sabobin, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojinmu? Da fomulolin DAX na amsa: COUNTROWS mai ƙirga layuka na saka a cikin CALCULATE mai tacewa, DIVIDE mai rabawa ya fitar da kaso. Ba a tashi daga taron ba sai da adadin ya hau allo, sashe-sashe. Shugaban sashen kuɗi ya danna nasa, ya ga har manhajar albashi tana ciki, ya gyara zama. Kuɗin sauya sabar da aka daɗe ana ja-in-ja a kai, a ranar ya sa hannu.

Da farko a DAX, yadda tace bayanai ke sauya amsar lissafi zai ɗaure maka kai. Ka daure. In hannunka ya faɗa da fomular Excel ka ci rabin hanya, don daga PowerPivot, wani ƙari na Excel 2010, DAX ya fito. Inda yake da rauni shi ne bin doguwar sarƙa, wannan manhaja ta dogara da waccan, waccan kuma da wata. Wannan sai ka warware shi tun kafin lodawa.

OCL kuwa, to, daga IBM ya fito, yana cikin UML, salon zanen tsarin manhaja, tun 1997, ya iya bin alaƙa da tabbatar da ƙa'ida a kan zane. Amma ba zai nuna wa manya ci gaban wata-wata a allo ba. Na biya kuɗin kwas ɗinsa, har yau bai yi min rana ba.

Sannan ka yi hattara da masu tallar "lasisin Power BI Pro na har abada" a WhatsApp. Power BI Desktop, na kan kwamfutarka, kyauta ne, Pro kuwa kuɗin rajista ake sabuntawa a kan kowane mai amfani. Asusun da za su ba ka yana ƙarƙashin ikonsu, wato sirrin ma'aikatarku na hannun wanda ba ka sani ba, ranar da ya ga dama ya rufe. Ku saya da imel ɗin ofis, ta hannun sashenku na kwamfuta.