Motar shatar da ta kai mu gonakin inabi na Hunƙuyi

Ranar Asabar muka ɗauki shatar mota daga Kano, ni da maiɗakina da yara biyu, zuwa gonakin inabi na Hunƙuyi a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna. Ana idar da sallar asuba direban ya iso ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, Sienna a wanke tsaf.

Tuƙinsa ya kwanta mini a rai, ba gudu, ba taɓa waya. A Kwanar Ɗangora muka sha shayi. Da muka shiga Zariya shi da kansa ya ce, "Alhaji, bari yara su ga Dutsen Kufena," ya karkata da mu bai ƙara ko sisi ba.

Gonar kuwa sai wanda ya gani. An ɗora kurangar a kan rumfar waya, 'ya'yan na reto a inuwa daidai kan mutum. Na ɗaga autata ta tsinko da hannunta, mai gonar yana ta dariya. Kwando guda muka saya.

Abin da ya ɓata mini rai, na'urar sanyin motar ta mutu a dawowa, muka sha zafi tun daga Tashar Yari. Ya ba da haƙuri, ya rage mana kuɗi. Hutun sallah shi zan sake kira.