Hattara da mai tallan kwalin jirgin Lynx a intanet

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar harhaɗa ƙananan jirage na roba. Raina a ɓace nake wannan rubutu, domin mutumin da ya cuce ni yana nan yana ci gaba da talla. Sunan shafinsa kawai ya sauya, hotunan da ya ja ni da su kuwa su ne dai yake sakawa.

Kawuna tsohon sojan ruwa ne, ya yi aiki a Legas lokacin da jirgin ruwan yaƙi NNS Aradu yake sabo. A Jamus aka ƙera Aradu, ya fara aiki a 1982, kuma dominsa ne Najeriya ta sayo jirage masu saukar ungulu guda uku, samfurin Westland Lynx Mk 89, daga Ingila. Kawu ba matuƙi ba ne, amma in ya soma labarin yadda ake sauke Lynx a bayan jirgi teku tana tangaɗi da shi, har shayinsa ya huce bai sani ba. Ni kuma tun muna yara muna ƙera mota da karan dawa hannuna ya saba da irin wannan aiki. Na daɗe da niyyar in harhaɗa masa Lynx, in yi fenti, in ajiye masa a ɗaki.

Ana nan sai na ga talla: kwalin ɓangarorin Lynx na kamfanin Airfix, ma'aunin 1/48 (wato an rage tsawon jirgin gaske sau 48), sabo fil a cikin leda, wai kuma da tambarin sojan ruwan Najeriya a ciki. Wannan maganar ta tambari ita ce ƙugiyar. Ya san abin da ɗan Najeriya mai wannan sha'awa yake nema, ya ɗana tarkonsa daidai wurin.

Ku lura da kyau, domin a nan ƙaryar take. Wannan kwali na Lynx ɗin sojan ruwa samfuri uku ne a cikinsa: HMA8 na Birtaniya, Mk 88A na Jamus, da Mk 90B na Denmak. A jikin kwalin ma an rubuta. Na tambaye shi, ya ce ai nasa fitowa ce ta musamman da aka yi wa Afirka, guda biyu kaɗai suka rage, wani daga Abuja yana jira. Gaggawar da ya sa mini ta hana ni tsayawa in bincika.

Na tura masa Naira 60,000. Sunan da ke kan asusun ba shi ne na shafin ba, ya ce na ƙaninsa ne. Bayan kwana huɗu ya kira, wai kaya sun maƙale a kwastan, a ƙara 15,000. Kayan da ya rantse mini suna shagonsa! Na yi masa magana, ya ce ai sabon zuwa ne zai ba ni, ya fi kyau. Wanda ya riga ya zuba kuɗi yana tsoron ya rasa duka, na ƙara. Sai kuma kuɗin direba. Da wannan dabara yake cin mutum kaɗan-kaɗan, kowane karo abin bai kai a fasa ciniki ba.

Kwalin ya iso tasha kuwa, kuma wannan ne ya sa damfarar tasa ta fi ta masu gudu da kuɗi haɗari, domin yana da hoton takardar aike da zai nuna wa kowa ya ce ya cika alkawari. Kwalin na gaske ne, tsoho, wani ya riga ya yi amfani da abin cikinsa. Kamfanin ba shi da laifi ko kaɗan. Ledar da aka naɗe shi da ita mai kauri ce, an liƙe bakinta da wuta. Da na buɗe, ɓangarorin jikin jirgin ƙanana ne ƙwarai. Na ɗauko rula. Faɗin farfelar Lynx ta sama mita 12.8 ne, in ka raba da 48 ya kamata ta kusan santimita 27, wato kowane ɗaya daga fukafukan nan huɗu ya doshi santimita 13. Waɗanda ke hannuna ba su kai 9 ba. Ma'aunin 1/72 ne, ragowar wani kwali dabam aka tattaro aka zuba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gilasan. Babu su sam. Duk wanda ya taɓa harhaɗa jirgi mai saukar ungulu ya san rabin kyansa a gilashin gaba yake. Ƙafa ko eriya in ta ɓata, kana iya sassaƙa wata da roba ko waya. Gilashi mai lanƙwasa kuwa ba ya sassaƙuwa da reza a kan tebur. Tambarin Najeriyar da aka yi mini alkawari, sitika ce kawai da aka buga da firinta, kore ya zuba cikin fari. Tambari na gaske ana jiƙa shi a ruwa ya zame daga takarda ya kwanta a jikin roba kamar fenti. Takardar bayani ma fotokwafi ce, shafuka biyu babu.

Na kira shi, ya ce zai bincika. Washegari ya toshe lambata.

Don Allah, kafin ku tura ko sisi ga mai sayar da irin waɗannan kaya, ku ce ya yi muku kiran bidiyo, ya riƙe kwalin a hannu, ya juya gefen da lambar kaya take. In kwalin a buɗe yake, ya fito da reshen robar da gilasai suke haɗe a jikinsa da takardar tambari ku gani da idonku, ya aza rula a kan fiffiken farfela. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, minti uku ne. Ku nemi hoton abin da ke cikin kwalin a intanet ku gwada, ana samu. In ya ce fitowa ce ta musamman, ku tambayi lambarta. In sunan asusu ya saɓa da sunan mai magana, ko aka kawo zancen kwastan bayan an gama ciniki, ku tsaya nan, ko da kun riga kun ba da wani abu.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tura kuɗi uku da hotunan hirarmu, na kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda. Tun da na fara faɗa a cikin abokai, mutum biyu sun ce mini shi ne ya yi musu haka, ɗaya da kwalin wani jirgi mai saukar ungulu, Sea King, kuma asusun da suka tura wa kuɗi ɗaya ne da nawa. Duk wanda abin ya shafa ya adana rasit ɗinsa da hoton kwalin, kada ya goge hirar, ya je bankinsa tun yau. Kawu dai ban faɗa masa ba tukuna, ina neman wani kwalin ta hannun wanda zai buɗe shi ya duba kafin ya biya.