Sony A7C II a hannun mai hoto a Zariya: ƙarama ce, amma da sharaɗi

Sensar da ke cikin kyamarar Sony A7C II, wato farantin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, cikakkiya ce, milimita 36 a 24, girman fim ɗin da aka saba da shi a da. An cusa ta cikin jiki mai nauyin giram 514 har da batir. Ta fito a 2023 da megafiksel 33, bayan A7C ta farko ta 2020 mai 24. Babu madubi a cikinta irin na manyan kyamarorin da ake kira DSLR, shi ya sa ta yi siriri haka.

Amfanin babbar sensa a wurin da haske ya yi ƙaranci yake bayyana. A ɗakin taron biki da dare, ko wajen kamu a tsakar gida bayan magariba, ƙaramar sensar da ake kira APS-C, wadda girman filinta bai kai rabin na wannan ba, takan fara tsaba-tsaba da wuri. Cikakkiya na jure ISO 6400, wato a ɗaga saitin hasken hoto sosai saboda duhu, fuskar amarya ba ta lalace ba. Da rana tsaka kuwa, a Samaru ko Sabon Gari, da wuya ido ya raba hoton wannan da na Sony a6700 ko Fujifilm X-T5 masu sensar APS-C.

Inda masu saye ke yaudarar kansu shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Jiki ƙarami ne, amma gilashin da zai rufe babbar sensa ba ya ƙanƙancewa. Ɗaura mata 24-70mm f/2.8 GM II, giram 695, sai gaba ya rinjayi baya, mariƙin kuma gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Kafin a tashi daga walima wuyan hannu ya gaji. Da 40mm f/2.5 G mai giram 173 ne take zama abin da aka yi ta dominsa. Gilashin 28-60mm da ake haɗa ta da shi ba nauyi, sai dai f/4 zuwa f/5.6 ne, wato ƙofar shigar haskensa ƙarama ce, yana cinye ribar hasken da aka biya kuɗin babbar sensa saboda ita.

Ramin memori ɗaya ne tak. Ga mai hoton biki wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin in katin ya mutu, ba a sake ɗaurin aure. Tsohuwar A7 III ta 2018 ta fi nauyi, giram 650, amma ramuka biyu gare ta, tana iya rubuta kowane hoto sau biyu. X-T5 ma haka. Wanda sana'arsa ke nan, gara ya ɗauki nauyin.

Tagar leƙenta ƙarama ce kuma tana gefen hagu. Mai sa tabarau ya gwada kafin ya biya. Batir dai NP-FZ100 ne, babba, ya fi LP-E17 na kyamarar Canon R8 daɗewa nesa ba kusa ba, kuma tana karɓar caji ta USB-C daga fawa banki, abin da ba a rainawa a garin da wuta ke zuwa ta koma. R8 ba ta da na'urar hana rawar hannu a jikinta, Sony na da ita. Sai dai wanda ya tara gilasan Canon EF daga tsofaffin kyamarori irin 6D ko 5D, R8 da adafta ta fi masa arha.

A Hawan Daushe lissafin juyawa yake yi. Dawakai na nesa, dogarai ba za su bari a matsa ba. Gilashin 200mm a kan APS-C yana ba da kusancin 300mm, don haka ƙaramar sensa ce ke da riba a ƙofar fada.

Sai ƙura. Da zarar an cire gilashi, sensar marar madubi a buɗe take, kuma hunturun Zariya ba ya tausayi. A kashe kyamara tukuna, a kifa bakinta ƙasa, a canza cikin mota ko ɗaki. Don gwaji, a sa f/16 a ɗauki farin bango. Ɗigon da ya fito a wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce. Famfon roba na hura iska ake amfani da shi. Kada a hura da baki, kada a goge da bakin riga. Masu bidiyo a zafin Maris da Afrilu su mai da Auto Power OFF Temp, saitin da ke kashe kyamara in ta yi zafi, zuwa High, su janye allon daga jiki, in ba haka ba ta kashe kanta ana tsakiyar jawabi.

Ta dace da ɗan jarida, ɗalibin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ko mai yawo da gilashi ɗaya. In ta hannu za a saya, a duba adadin bugun shota, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, a leƙa sensar da tocila ko akwai ƙarzuwa, a kuma tabbatar batirin na Sony ne na asali.