Kwalin Madara da Lemo a Kaduna: A Ciro Takarda ko a Matse a Yi Allo?

Kwalayen madara da lemo da ke taruwa a bola a Kawo da Tudun Wada ba takarda zalla ba ne: kusan kashi 75 cikin 100 takarda ce, sauran kuwa leda ce da alminiyum.

Akwai hanyoyi biyu na sake sarrafa waɗannan kwalaye. Hanya ta farko ita ce a zuba su cikin injin ruwa, a yi ta motsawa har zaren takardar ya saki, a tace shi a yi sabon kwali. Zaren yana da tsawo da ƙarfi, shi ya sa masana'antu ke son sa, sai dai aikin yana cin ruwa da lantarki, ga ragowar leda da alminiyum da dole a nema musu mai sarrafawa.

Ta biyu ta fi sauƙi: a yayyanka kwalin, a matse da zafi, ledar ta narke ta haɗe shi ya zama allon silin, ko da yake zaren ya tafi ke nan.

A ganina ta biyun ce ta dace da Kaduna a yanzu, domin 'yan jari bola ba za su tara kwali ba sai da mai saye a kusa, kuma ƙaramar masana'anta a Kakuri za ta iya wannan aikin.