Tagwayen taya a tsohuwar a-kori-kura: 'yar kwata uku ko 'yar tan guda?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ga hoton tsohuwar Ford F-250 ta 1978 da taya huɗu a baya, mai sayarwa kuma ya rantse masa cewa haka ta fito daga kamfani. Shi ne yake tambaya ko da gaske a-kori-kura masu ɗaukar kwata uku na tan sun taɓa zuwa da tagwayen taya.

Malam, kada rantsuwar nan ta ruɗe ka. A wancan zamanin a-kori-kura 'yar kwata uku mai bodin kamfani taya ɗai-ɗai take da shi a baya. Tagwaye na yayarta ne, 'yar tan guda.

Amurkawa aji uku suka kasa motocin nan: rabin tan, kwata uku, da tan guda. A gidan Ford, F-250 ce 'yar kwata uku, F-350 ce 'yar tan guda. A Chevrolet C20 da C30, a Dodge kuma D200 da D300. A awon tan na Amurka, kwata ukun nan kilo 680 ke nan, tan gudan kuma kilo 907, sai dai sunan ya zama laƙabi kawai, don motocin sun daɗe da wuce wannan lodin. Kafin shekarun 1970, tagwayen taya a kan shasi tsirara aka fi ganinsu, wanda mai saye zai kai wa maƙera su ɗora masa bodin katako ko shimfiɗaɗɗen ƙarfe. A 1973 ne Chevrolet ta fito da C30 mai tagwaye haɗe da bodin kamfani mai kumburarrun kumatu, ta sa mata suna Big Dooley. Ford sai a 1980 ta yi wa F-350 irin wannan bodi. To ka ga F-250 ta 1978 mai kumatu, ko yayarta ba ta samu ba a shekarar, balle ita.

Abin da ke rikita mutane shi ne kamannin ya yi yawa. Kan motar ɗaya ne, inji sau da yawa ɗaya, kuma dukansu nati takwas ke riƙe da rim. Ga kuma Camper Special da Ford ta yi wa masu ɗora ɗakin kwana a bayan mota don yawon hutu: sifirin mai kauri, taya mai ƙarfi, amma fa ɗai-ɗai. Mutum ya ga ta sha lodi ba ta durƙusa ba sai ya ɗauka aji ɗaya suke.

Bambancin yana ƙasa, sai ka tsuguna. Rim ɗin mai tagwaye zurfi gare shi kamar kwanon sha, ana kifa biyu baya da baya. A gaba ma irinsa ake sawa, shi ya sa cibiyar tayar gaba take turo kai waje, don rim ɗaya ya shiga kowace kusurwa cikin shidan. Na 'yar kwata uku kusan a shafe yake. Aksil ɗin baya na F-250 galibi Dana 60 ne, masu tagwaye kuwa an fi ba su Dana 70 ko makamancinsa, da gangar burki mai faɗi da ƙarin ganyen sifirin. Faɗin jiki ma: 'yar kwata uku kamar mita 2, mai tagwaye ta kusa mita 2.4. Dokar Amurka ta ce duk motar da faɗinta ya kai inci 80 sai ta sa fitilun nuna faɗi, shi ne ƙananan fitilu biyar ruwan lemo da ke jere a saman kanta. Amma kada ka dogara da su kaɗai, kowa na iya saye ya liƙa.

Shaidar da ba ta ƙarya ita ce lambar shasi da farantin da ke jikin ƙofar direba. A tsofaffin Ford, lambar tana farawa da F25 ko F26 in kwata uku ce, F35 ko F37 in tan guda ce. A Chevrolet na 1973 zuwa 1980, duba alama ta huɗu: 2 kwata uku, 3 tan guda. Tambarin jikin bodi kuwa sukurdireba ɗaya ya isa a canza shi. In lambar ta nuna kwata uku ce, motar hoton nan ɗayan biyu ce: ko wani ya ɗauko aksil da bodi daga wata ya dasa, ko kuwa ya sa zoben ƙari ya ɗaura taya ta biyu. Na farkon, in bakanike ya san aikinsa, yana tafiya lafiya. Na biyun ne ba na so, don nauyi yana komawa can bakin natoci, kuma bai ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da farantin ƙofa ya yarda a ɗauka ba.

Wajen amfani, tagwaye na mai jan tirela ne ko mai dogon lodi da iska ke kaɗawa. Motar ba ta rangaji, kuma in taya ɗaya ta fashe 'yar'uwarta na riƙe da kai har ka gangara gefe. Amma taya shida za ka riƙa saye. Ta ciki takan sace ba ka sani ba, shi ya sa direbobin manyan motoci ke zagayawa suna ƙwanƙwasa kowacce da ƙarfe kafin su tashi. Dutse yakan maƙale a tsakani ya ci gefen duka biyu. In babu kaya kuma, a laka ko rairayi santsi take yi, don tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba.

Ka ce wa mai sayarwa ya turo hoton farantin ƙofa da na aksil daga ƙasa. In F25 ko F26 ka gani, kuɗin 'yar kwata uku da aka yi wa sauyi za ka taya.