Gargaɗi ga masu sayen Labubu a Instagram: an damfari ƙanwata naira dubu 475

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na rubuta, saboda ƙanwata ba ta so a ji. Sai da na nuna mata cewa matar da ta cuce ta tana nan tana ci gaba da cutar wasu, sannan ta ce in rubuta, amma kada in kama sunanta. Ita ma mai shafin ba zan kama sunanta ba, domin magana tana gaban hukuma, kuma ko na kama babu amfanin da zai yi, tun da sau biyu ke nan tana canza wa shafin suna. Salonta zan gaya muku, shi ne ba ya canzawa.

'Yar ƙanwar tawa, shekararta tara, ita ta dawo daga makaranta da rigimar Labubu. Ga wanda bai sani ba, wata 'yar tsana ce mai gashi lufu-lufu, da dogayen kunnuwa irin na zomo da haƙora a waje, ana rataya ta a jikin jaka. Wani mai zane haifaffen Hong Kong da ya tashi a ƙasar Holan, Kasing Lung, shi ya ƙirƙiro ta a 2015, kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin ya fara sayar da ita a 2019. Ta zama abin yayi a duniya bayan an ga mawaƙiya Lisa ta ƙungiyar Blackpink da ita a 2024. A cikin rufaffen kwali ake sayar da ita, ba ka san kalar da za ka samu ba sai ka buɗe. Na san akwai masu ƙyamar ta gaba ɗaya saboda siffarta, wannan a tambayi malamai. Ni maganar kuɗi da cuta ce ta kawo ni.

Uwar ta shiga nema, ta faɗa wani shafi mai mabiya da yawa, hotuna tsaf-tsaf, an jera kwalaye har rufi. Mai shafin tana yin gwanjo kai-tsaye duk daren Juma'a. Ta ɗaga kwali ɗaya ta ce daga Dubai aka kawo, na asali ne, saura uku kacal, an fara daga dubu 60. Kafin ƙanwata ta gama rubuta tayinta, wata ta ce 70, wata ta ce 80. Ita kuma ta ce 95, aka ce ta ci. Ta tura kuɗi a daren, tana murna.

Washegari matar ta biyo ta ta saƙo. "Hajiyata, na ga kina da ido a kan kaya masu kyau, shi ya sa zan gaya miki abin da ba na gaya wa kowa." Wai akwai cikakken saiti mai kwali shida da ke hanya, kuma wanda ya haɗa mata kayan ya tabbatar mata akwai ta sirri a ciki, wato kalar nan da ba a cika samu ba. Idan ƙanwata ta biya dubu 380 yanzu, in ta sirrin ta fito, ita mai shafin za ta saye ta a hannunta dubu 700. Sauran biyar ɗin kuma riba ce. Ta turo mata hoton labarin Labubu da aka sayar yuwan miliyan 1.08, kuɗin ƙasar Sin, a gwanjo a Beijin, ta ce dubi inda abin ya dosa. Ƙanwata ta ɗauki kuɗin adashen da ta kwasa a watan, ta tura.

Bayan kwana goma kwali ɗaya ya iso, na gwanjon. Saitin shida har yau bai zo ba. Da ta matsa da tambaya aka ce kaya suna kwastan, aka ce jirgi ya yi jinkiri, daga nan sai ta wayi gari an toshe ta. Shi ne ta kira ni tana kuka: "Yaya, na shiga uku, ban san me zan gaya wa Baban yara ba."

Ni sana'ata sarin jakunkuna da takalma daga Guangzhou, shekara da shekaru, don haka da ta kawo min 'yar tsanar na san abin da nake kallo. Ta asali haƙoranta tara ne cif. Wannan goma na ƙirga. Fuskar ta yi jajir kamar an shafa mata hoda, ɗinkin wuyan a karkace, kwalin yana ƙyalli alhali na kamfani ba ya sheƙi haka. Yarinyar ta riƙe ta kwana biyu ido ɗaya ya ɓalle. Irinta ce ake kira Lafufu, wato ta jabu, kuma a kasuwannin sari na Sin ana tara su ne a buhu.

To a nan nake so mu tsaya, domin a nan ne yawancinmu muke faɗawa. Mun taso da cewa araha ba ta ado, duk abin da ya yi tsada shi ne mai kyau. Da matar nan ta ce wa ƙanwata dubu 8, wallahi da ba ta saya ba, da ta ce jabu ce. Da yake an ce 95, kuma ta ga wasu suna rububi, sai zuciyarta ta kwanta. 'Yan damfarar yanzu sun gane wannan sarai. Ba su ƙara karya farashi don su jawo ka, sai su tsawwala don ka yarda da su. Tsadar ita ce tarkon. Mutumin da ya riga ya shirya a ransa cewa zai biya fiye da ƙima saboda abu ya yi wuyar samu, shi ne ya fi kowa sauƙin cuta, saboda babu wani adadi da za a faɗa masa ya ji ƙararrawa ta kaɗa.

Su kuma waɗanda suka riƙa ɗaga farashi a gwanjon, daga baya da muka bi shafukansu ɗaya bayan ɗaya, babu hoto, babu mabiya, kuma su ɗin dai ne suke tayi duk mako ba su taɓa cin kaya ba. Wannan shi ne najashi da muka karanta a Islamiyya, mutum ya taya kaya ba don yana so ba sai don ya ingiza wani ya ƙara kuɗi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. A da dillalan kara ake zargi da shi, yanzu mutum ɗaya da waya uku ya isa.

Yanzu mu yi lissafi, tunda tambayar da ake yawan yi ita ce nawa ya kamata a ɗora a kan farashin kamfani. Saitin da ake kira Big into Energy, wanda ya fito a watan Afrilun 2025, a lokacin kamfanin yana sayar da kwali ɗaya yuwan 99 a Sin. A canjin lokacin bai wuce naira dubu 21 da ɗoriya ba. A Amurka a lokacin dala 27.99 ne, wajen naira dubu 42. Abu ne mara nauyi, kuɗin kawo shi ba wani abu ba ne idan an haɗa da sauran kaya. Ko da mai sayarwa a farashin Amurka ta saya, ta ɗora kuɗin jirgi, ta ɗora ribarta mai kauri, ni a ganina in ya haura dubu 70 to ba 'yar tsana kike saye ba, gaggawa kike saye. Ba na cewa kada kowa ya biya kuɗin gaggawa. Mai hali da ke son ya faranta wa 'yarsa ranar wani biki, kuma ya tabbatar da ingancin kayan, kuɗinsa ne. Amma ya yanke adadin tun kafin ya shiga gwanjo, ya rubuta a takarda in ta kama, kuma ya zama adadin da in gobe aka ce abin ba ya sayuwa ko sisi, ba zai hana shi barci ba. Kuɗin adashe, kuɗin makaranta, jarin sana'a, babu ɗayansu da ya shiga wannan lissafin.

Maganar ta sirri kuwa, ita ta fi ɓata min rai. A irin waɗannan saitin, kamfanin da kansa ya rubuta cewa ɗaya ce cikin kwali 72. Ma'ana saiti mai shida sai an tara goma sha biyu kafin a sa ran ganin guda, kuma ko a haka babu tabbas. Kwali 72 a farashin kamfani yuwan 7,128 ne, kusan naira miliyan ɗaya da rabi. To yaya za a yi wata ta san akwai ta sirri a cikin rufaffen kwali? In ta sani, to an buɗe an mayar an liƙe, kuma wanda ya iya buɗewa ya liƙe ya iya cire mai tsadar ya sa wata. Sannan in har ta tabbata akwai abin dubu 700 a ciki, me zai sa ta ba ki a dubu 380, ta dawo ta saya a hannunki? Wannan tambayar kaɗai ta isa ta rushe zancen. Na yi wa ƙanwata ita, ta yi shiru, ta ce: "Wallahi Yaya a lokacin ko kaɗan bai zo min a rai ba." Haka abin yake, ba wauta ba ce, an hana ta lokacin tunani ne. Saura uku, saura minti biyar, wata tana jira. Cinikin biri a sama ba ya yiwuwa sai da irin wannan azalzala.

Labarin gwanjon Beijin gaskiya ne, a watan Yunin 2025 aka yi shi. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, wancan mutum-mutumi ne mai tsawon santimita 131, kusan tsayin yaro, ba na ratayawa a jaka ba. Na jaka kuwa a masana'anta ake buga su, kuma kamfanin ne ke da ikon ƙara yawansu duk ranar da ya ga dama. Ya kuma ƙara ɗin. A cikin watan Yunin nan dai ya saki kaya masu yawa, farashin masu saye su sake sayarwa a Sin ya rikito cikin kwanaki, waɗanda suka ɓoye kaya suna jiran tashi suka tafka asara. Zuwa watan Agusta kamfanin yana cewa yana ƙera 'yan tsana masu laushi, har da Labubu, wajen miliyan 30 a wata. Abin da ake buga miliyan 30 duk wata ba ya zama gwal.

An taɓa yin irin wannan a Amurka da wasu 'yan tsana da ake kira Beanie Babies na kamfanin Ty, waɗanda suka fito a 1993 ana sayar da su wajen dala 5. Mutane suka riƙa tara su a matsayin jari, har da masu cewa da su za su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a. Zuwa wajen shekarar 2000 kasuwar ta mutu, aka bar mutane da akwatuna cike.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. A watan Agustan 2025 hukumar kula da lafiyar kayayyakin masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi cewa Labubu ta jabu tana iya shaƙe ƙaramin yaro, saboda tana ɓarewa ƙananan gutsattsari su fita. A Birtaniya, cikin kayan wasan jabu dubu 259 da aka kama a bakin iyaka a 2025, dubu 236 Labubu ce. Idon da ya ɓalle a gidan ƙanwata, akwai ɗan wata goma sha ɗaya da ke rarrafe a falon. Allah ne ya tsare, yayarsa ta riga shi gani.

In dai sai kin saya, ki sa wanda kika sani yana tafiya ya sayo miki a shagon Pop Mart ko shafinsu na hukuma, ya kawo da rasit. In a hannun mai sayarwa ne, ki ga kaya da idonki kafin kuɗi ya fita. Ki ƙirga haƙora. Akwai lambar QR a jikin kwali da ake dubawa da waya, amma ki lura da adireshin da ta kai ki, domin masu jabu suna buga tasu lambar da ke kai mutum shafin bogi mai kama da na kamfani ya ce miki kaya na asali ne. Sababbin fitowa suna da ɗan tambari a tafin ƙafa da ba ya bayyana sai an haska shi da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita. Idan sunan da ke kan asusun banki daban yake da na mai shafin, ko aka ce "na ƙanina ne", ki tsaya. Idan ta rufe wurin sharhi, ki tsaya. Idan ta yi miki alkawarin za ta saye a hannunki da riba, kada ma ki amsa.

Mu mun yi jinkiri. Sai bayan sati uku muka je banki, lokacin an riga an kwashe kuɗin daga asusun. Da a ranar aka kai ƙorafi, da akwai damar a riƙe wani abu. Mun kai rahoto wurin 'yan sanda, mun rubuta wa EFCC, mun haɗa da hotunan hirar da shaidar tura kuɗi. Duk wadda irin haka ta same ta, kada ta goge komai saboda haushi ko kunya, ta ɗauki hoton kowane saƙo, ta nufi bankinta a ranar.

Ranar Juma'ar da ta wuce wata ƙawata ta turo min wani shafi, ta ce in duba mata ko kayan na asali ne kafin ta saya wa jikarta. Suna daban, hoton fuska daban. Amma labulen da ke bayan kwalayen shi ne, ruwan toka mai zanen ganye, kuma muryar ita ce, tana cewa saura uku kacal, an fara daga dubu 60. Mutum sama da ɗari huɗu ne suke kallo a lokacin da na shiga.