Na saka wa tsohuwar kwamfutata SSD: abin da ya gyaru da abin da bai gyaru ba

Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita ta tsufa, ta yi nauyin da sai na kunna ta na tashi na yi wata hidima kafin ta gama buɗewa. Maimakon in sayi sabuwa, sai na cire faifan ajiyarta mai juyawa na saka SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta lantarki da ba ta juyawa, mai girman inci 2.5, mai cin 500GB, irin wanda ake jonawa ta SATA, wato mahaɗin da tsohon faifan ke amfani da shi. Na jima ina aiki da shi yanzu, kuma a ganina babu wani gyara guda ɗaya da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar wannan. Amma fa sai idan faifan ne ke riƙe ta.

Don haka kafin ka sayi komai, ka bincika. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, mai nuna aikin da kowane sashe na kwamfuta ke yi, zai buɗe, ka shiga sashen Performance. A tawa, faifan kullum yana maƙale a kashi 100 cikin 100, alhali furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana hutawa abinta. Wannan ce alamar. Idan kuwa RAM, ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ce ta cika ko furosesa ce ke ƙurewa, SSD zai ɗan taimaka amma ba zai magance ciwon ba. Akwai kuma manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta bayanan lafiyar faifai. In ta nuna gargaɗi, ko ka ji faifan yana ƙas-ƙas, ka kwashe fayilolinka a ranar, kada ka jira gobe.

Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. Tsohon faifai faranti ne da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti a kwamfutocin tafi-da-gidanka, da ɗan hannu da ke kai-komo yana laluben inda bayani yake. SSD ba shi da abin da ke motsi ko kaɗan. Na SATA yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, shi kuwa tsohon da ƙyar yake wuce 100. Sai dai ba ma a nan ake jin daɗinsa ba. Lokacin da Windows ke tashi, dubban ƙananan fayiloli take nema a warwatse, kuma a irin wannan aikin ne tsohon faifai ke galabaita, kamar mai neman takarda ɗaya a ɗakin da ba a jera komai ba. SSD kai tsaye yake ɗauko su.

A kula da nau'i. Akwai SSD siriri mai suna M.2, akwai mai faɗi na inci 2.5, kuma ramin ɗaya ba ya karɓar ɗayan. Ko a cikin M.2 ɗin ma wani SATA ne, wani NVMe, wata hanyar jonawa ce daban da ta fi gudu. Duba littafin kwamfutarka ko ka buɗe bayanta ka gani da idonka.

Saka shi bai ba ni wahala ba: kashe kwamfuta, cire caja da batir, kwance murfi, zare tsohon, zura sabon. Inda ake shan aiki shi ne manhaja. Ana iya kwafe tsohon faifan gaba ɗaya zuwa sabon da manhaja irin su Clonezilla, amma ni na zaɓi in zuba Windows sabuwa fil daga filashi mai 8GB, domin kwafi yana taho da duk tarkacen shekaru, har da shirye-shiryen da ke tashi da kansu suna cinye ƙarfin na'ura. Lasisin Windows bai dame ni ba, tunda yana ɗaure da na'urar ne, ina hawa intanet ya dawo da kansa. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, ya tabbata ya adana mabuɗin farfaɗowa kafin ya taɓa komai, in ba haka ba tsoffin fayilolinsa na iya gagarar sa.

Sakamakon? Tana tashi cikin daƙiƙoƙi, Word da burauza suna buɗewa nan take, ƙugin nan ya tafi, kuma ban ƙara fargabar ɗaga ta tana aiki ba.

To ga abin da bai gyaru ba. RAM ɗina 4GB ce, kuma da na buɗe shafuka da yawa a burauza sai ta fara ja da baya, duk da dai ba ta daskarewa kamar da. Zafi ma bai ragu ba sai da na share ƙurar da ta toshe fanka. Batirin da ya gaji yana nan a gajiye. Sannan SSD ba zai sa tsohuwar na'ura ta cancanci Windows 11 ba, domin Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin na'urar, da furosesa ta kwanan nan, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Wanda kwamfutarsa ta faɗa wannan rukuni ya yi tunanin Linux Mint, wata babbar manhaja da ake zubawa a madadin Windows, tana tafiya lafiya lau a kan SSD.

Kada ka tsorata in ka ga 500GB ya zama 465GB a allo, lissafi ne ya bambanta: masu ƙera faifai da 1,000 suke ƙirga, Windows kuma da 1,024. Ka bar masa sarari, kada ka cika shi maƙil, domin yana rage gudu. Abu ɗaya da ke ɗan damuna da SSD shi ne yakan mutu ba sallama, ba ƙara ba gargaɗi, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Shi ya sa na saka tsohon faifan, tunda lafiyarsa ƙalau, a cikin ɗan akwati mai wayar USB, nake kwafa muhimman fayilolina a kai duk mako.